Filin Tambaya da Amsa: Wa Ke Jarraba Tambayoyin Jarrabawar Likitoci?

Wasiƙun da suka shigo wannan fili a watan nan sun karkata ga batu guda, wataƙila saboda lokacin jarrabawa ya ƙarato a makarantun koyon aikin lafiya. Na zaɓi uku daga cikinsu, na taƙaita kowace, kuma kamar yadda muka saba na sakaya sunayen masu su.

Tambaya ta farko, daga wata ɗaliba 'yar aji biyar a sashen koyon likitanci:

"Likita, barka da aiki. A jarrabawar gwaji da muka yi an tambaye mu maganin da ya fi dacewa a fara yi wa yaro ɗan shekara uku da aka kawo asibiti a sume saboda zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Na zaɓi kwinin, domin haka na karanta a littafin da yayana ya bar mini, amma aka ce amsar ita ce atisunet. Wannan kam na yarda na faɗi. Abin da ya dame ni shi ne wata tambayar da na kai wa manyan likitoci biyu, kowannensu ya ba ni amsa dabam. Idan malamanmu su kansu ba su daidaita ba, wa ke yanke hukuncin cewa ga amsar da ta yi daidai, kuma da wace hujja ake kayar da ɗalibi?"

'Yata, tambayarki ta isa tambaya, kuma ita ce malaman da ke tsara jarrabawar likitoci suka shafe shekaru suna kokawa da ita. A inda ake bin ƙa'ida, mutum ɗaya ba shi da ikon yanke wannan hukunci, ko da kuwa shi ya rubuta tambayar, ko da kuwa shi ne shugaban sashe. Kafin tambaya ta iso gabanki ana so ta ratsa hannun kwamitin ƙwararru, su yarda da abubuwa uku: cewa abin da ake tambaya ya zama dole sabon likita ya sani, cewa lafazin tambayar ba ya ɗaukar fassara biyu, da kuma cewa amsar da aka ware ta fi sauran zaɓuɓɓukan bisa hujjar da ake aiki da ita a yau.

Aikin yana farawa tun kafin a rubuta tambaya ko guda, da jadawalin rabo, wanda ke nuna tambaya nawa za ta fito daga cututtukan yara, nawa daga na mata da haihuwa, nawa daga tiyata. Shi ma wannan jadawali sai an yi matsaya a kansa, domin jarrabawar da za ta yaye likitan da zai yi aiki a Kano ko Damagaram dole ta ba sikila da sanƙarau da tarin fuka da saran maciji muhimmancin da jarrabawar wata ƙasa mai sanyi ba za ta ba su ba.

Bari in ba ki labarin wani zama da na taɓa halarta, domin ki ga yadda abin yake a aikace. Mu takwas ne a ɗakin taro na wata makaranta, an karɓe wayoyinmu a bakin ƙofa, an raba mana tambayoyi ba tare da amsoshinsu ba, kuma ba tare da sunayen waɗanda suka rubuta su ba. Ɗaya daga ciki tana bayanin mace mai ciki wata takwas da aka kawo tana jijjiga, jininta ya hau, sannan aka tambaya mene ne mataki na gaba. A cikin zaɓuɓɓukan akwai yi mata allurar magnesiyam salfet, akwai kuma kwantar da ita ta gefe tare da tabbatar da cewa hanyar numfashinta a buɗe take. Kowa ya rubuta amsarsa a takarda ya naɗe. Da aka buɗe, mutum biyar sun zaɓi allurar, uku sun zaɓi kwantarwa da duba numfashi, kuma babu wanda ya yi kuskure a cikinmu, domin duk wanda ya taɓa tsayawa a ɗakin haihuwa ya san numfashi ake fara dubawa, kamar yadda ya san magnesiyam salfet ne maganin jijjigar masu ciki tun bayan babban gwajin da aka wallafa a 1995 wanda ya nuna ya fi dayazefam hana jijjigar dawowa. Laifin na tambayar ne, domin ba ta faɗi abin da aka riga aka yi wa matar ba. Muka ƙara jimla ɗaya mai cewa an kwantar da ita ta gefen hagu, an sa mata iskar oksijin, numfashinta yana tafiya daidai, muka kuma mayar da tambayar ta koma "wane magani ne ya fi dacewa". A zagaye na biyu mu takwas ɗin duka muka faɗa kan amsa guda. Sai daga baya muka ji cewa wani babban farfesa ne ya rubuta ta, kuma ina da tabbacin cewa da an faɗi sunansa tun farko, da tambayar ta wuce yadda take, kowa yana gyaɗa kai yana "haka ne, ranka ya daɗe".

Wannan ne ya sa ake dagewa a kan a rubuta amsa a ɓoye kafin a buɗe baki. Girmama na gaba tarbiyya ce mai kyau, amma a teburin tantance tambaya tana iya mayar da ra'ayin mutum ɗaya ya ɗauki kamannin matsayar mutum takwas. Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. A shekarun 1950, masu bincike biyu a cibiyar RAND da ke Kalifoniya a Amurka, Olaf Helmer da Norman Dalkey, sun tsara wata hanya ta tattara ra'ayin ƙwararru domin hasashen al'amuran soja a zamanin yaƙin cacar baka, suka wallafa bayaninta a 1963. Ana kiranta hanyar Delfi, sunan wani wuri a tsohuwar Girka da mutane ke zuwa neman duba. Ƙwararrun ba sa haɗuwa ido da ido. Kowa yana ba da hukuncinsa shi kaɗai, mai tsara aikin ya tattara, ya mayar wa kowa da taƙaitaccen abin da jama'a suka ce da dalilansu ba tare da suna ba, sannan a sake zagaye, sau biyu ko uku, har ra'ayoyi su tsaya. Sharaɗi mafi muhimmanci shi ne a ayyana tun kafin a fara kashi nawa cikin ɗari na yarda za a kira matsaya, galibi tsakanin 70 da 80, domin kada a jira a ga sakamako sannan a matsar da iyaka zuwa inda ake so. Masu tsara manhajar likitanci da jarrabawarta sun ari wannan hanya, kuma a yau ana yawan gudanar da ita ta intanet.

Akwai ma ɗan lissafi da ake amfani da shi wajen auna ko tambaya ta cancanci shiga jarrabawa, wanda wani masani mai suna Lawshe ya gabatar a 1975. Ana tambayar kowane ƙwararre ya sanya tambayar a ɗaya daga cikin aji uku: wajibi ce, ko tana da amfani amma ba wajibi ba ce, ko ba a buƙatarta. Sai a ɗauki adadin waɗanda suka ce wajibi ce, a cire rabin yawan 'yan kwamitin, a raba abin da ya rage da wannan rabin. Idan 'yan kwamiti goma ne kuma tara suka ce wajibi ce, tara a cire biyar saura huɗu, a raba da biyar, an sami 0.8. Idan takwas ne suka ce haka, 0.6 za a samu, alhali ma'aunin da Lawshe ya gindaya wa kwamitin mutum goma shi ne 0.62, wato tambayar da takwas cikin goma suka amince da ita ma ba ta tsallake ba. Na kawo miki wannan ne domin ki san cewa matsayar da ake nufi a nan ta fi rinjaye na ƙuri'a tsauri nesa ba kusa ba.

Yanzu mu dawo kan kwinin, domin a ganina nan ne darasin ya fi yawa. Littafin yayanki bai yi ƙarya ba a zamaninsa. Shekara da shekaru kwinin ta jijiya shi ne abin da ƙwararru suka haɗu a kai wajen maganin zazzaɓi mai tsanani, kuma da an tara kwamiti a lokacin, da baki ɗaya za su ce amsarki ce daidai. Abin da ya sauya lamarin ga yaran Afirka shi ne wani gwaji da ake kira AQUAMAT, wanda aka wallafa a 2010, aka gudanar da shi a kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, har da cibiya a Ilorin. A cikin kowane ɗari na yaran da aka yi wa kwinin kusan 10.9 sun rasu, a cikin waɗanda aka yi wa atisunet kuwa 8.5. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawararta ta fifita atisunet ga yara. Haka kulorakwin ya sauka daga matsayinsa a Nijeriya a 2005, lokacin da aka koma ga haɗin magungunan atimisinin domin zazzaɓin da bai yi tsanani ba. Masu karatun fiƙihu sun san kalmar ijma'i, kuma nakan ji ɗalibai suna aron ta a nan, amma ya kamata a yi hattara, domin matsayar likitoci tana da ranar haihuwa kuma gwaji guda mai inganci yana iya rushe ta. Shi ya sa kwamiti na ƙwarai ba ya wadatuwa da cewa "mun yarda", sai ya rubuta a bayan kowace tambaya ƙa'idar jinyar da ya dogara da ita da shekarar da ta fito, kuma yakan koma rumbun tambayoyinsa lokaci zuwa lokaci ya tsince waɗanda zamani ya wuce.

Saura batun manyan likitocin nan biyu. Abu na farko da nake zargi shi ne lafazi, domin ɗalibi yakan maimaita tambaya da ka ya zubar da kalma ɗaya, irin su "na farko" ko "mafi dacewa" ko shekarun majinyacin, kuma a kan wannan kalmar amsar take rataye. Idan kuwa kin kai musu ita yadda take suka saɓa, to tambayar ba ta dace da jarrabawar da ke neman amsa ɗaya tak ba, kuma haƙƙin ɗalibai ne a gyara ta ko a cire ta daga lissafi. Ki rubuta ta, ki bi ta hannun wakilin ajinku zuwa ga jami'in jarrabawa na sashen, ki nemi a nuna muku ƙa'idar da aka dogara da ita, cikin ladabi kuma a rubuce.

Akwai dai wani salon jarrabawa da aka gina shi a kan saɓanin ƙwararru da gangan, wanda Bernard Charlin da abokan aikinsa suka ɓullo da shi a Kanada a ƙarshen shekarun 1990. Ana ba ɗalibi labarin majinyaci da cutar da ake zato, sai a ƙara masa sabon bayani, a tambaye shi ko wannan bayani ya ƙarfafa zaton ko ya raunana shi. Ƙwararru sukan amsa tambayoyin tukuna, sannan a raba maki gwargwadon yadda suka rabu. A misali, idan cikin goma sha biyar mutum tara sun ce ya ƙarfafa ƙwarai, biyar sun ce ya ɗan ƙarfafa, ɗaya ya ce bai sauya komai ba, wanda ya bi taran zai sami cikakken maki, wanda ya bi biyar ɗin zai sami biyar bisa tara. Ina son wannan salo wajen koyarwa, domin ya yi kama da ainihin aikin asibiti, amma ba na goyon bayan a yanke cin ɗalibi ko faɗuwarsa da shi kaɗai, tun da masu sukarsa sun nuna cewa mai wayo yana iya tara maki ta hanyar guje wa zaɓin da ke can gefe ya riƙa rakuɓewa a tsakiya.

Tambaya ta biyu, daga wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati:

"Ɗana likita ne, yana shirin rubuta jarrabawar PLAB domin samun izinin aiki a Ingila. Ya gaya mini cewa makin cin jarrabawar ba a tsaye yake ba, yana hawa yana sauka daga zama zuwa zama. Mu a zamaninmu hamsin cikin ɗari ita ce iyaka. Anya wannan ba dabara ba ce ta rage yawan masu ci?"

Alhaji, Allah ya ba yaron sa'a. Damuwarka a fili take, amma tsayayyen maki shi ne ya fi kusa da rashin adalci. Hamsin lamba ce da muka gada daga makaranta, ba wanda ya auna ta da abin da likita yake buƙatar sani. Idan takardar watan nan ta zo da sauƙi, ta wata mai zuwa kuma ta zo da tsauri, hamsin ɗin farko da na biyu ba nauyinsu ɗaya ba, kamar mutum biyu ne aka auna wa hatsi da kwano biyu masu girma dabam aka ce kowanne ya sami mudu.

Kashi na farko na PLAB tambaya 180 ne a cikin awa uku, kuma hukumar likitocin Birtaniya, GMC, tana tsayar da makin cinsa ta hanyar da ake kira Angoff, sunan William Angoff, masanin aune-aunen ilimi na Amurka da ya bayyana ta a 1971. Ana tara likitoci, a fara da sa su daidaita a kan siffar ɗan jarrabawar da ke bakin gaɓa, wato wanda iliminsa ya kai a amince masa da majinyaci amma da ƙyar ya kai. Sannan a ɗauki tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, kowane alƙali ya ƙiyasta mutum nawa cikin ɗari na irin wannan ɗan jarrabawa za su amsa ta daidai. A ce alƙalai biyar sun ba wata tambaya 60 da 70 da 65 da 55 da 75, matsakaicinsu 65 ke nan. Haka za a yi wa kowace tambaya, a haɗa, abin da ya fito shi ne tushen makin ci. Takarda mai tambayoyi masu sauƙi makinta yakan hau, mai tsauri kuma nata ya sauka. A wannan tsari ba a ware adadin waɗanda za su ci tun farko ba, ɗanka da ma'auni yake takara, kuma idan duk waɗanda suka zauna sun kai, duk sun ci.

Ba zan ɓoye maka rauninta ba. Ƙiyasi ne na 'yan Adam, kuma ƙwararren da ya shekara ashirin yana aikin ƙoda yakan ɗauka kowa ya san abin da shi ya sani, sai ya cika lamba. Maganin da ake yi wa wannan shi ne a gauraya kwamitin, a sa waɗanda ke kula da sababbin likitoci kullum a ɗakunan majinyata, a tattauna duk tambayar da ƙiyasi ya yi hannun riga a kanta, kuma a wasu wurare a nuna wa alƙalan yadda 'yan jarrabawa suka amsa tambayar a baya kafin su sake ƙiyasi. A jarrabawar USMLE ta neman izinin aikin likita a Amurka har cusa sababbin tambayoyi ake yi a cikin takarda waɗanda ba a lissafa makinsu, domin a ga halinsu kafin a fara hukunci da su.

Tambaya ta uku, daga wata malama a makarantar koyon jinya da ungozoma:

"Mu huɗu ne kacal a sashenmu, kowa da darussansa fal. Ba mu da ƙwararru goma balle goma sha biyar. Yaya za mu tantance tambayoyinmu?"

Malama, mutum huɗu sun isa a fara. Kada wadda ta rubuta tambaya ta zama ita ce mai tabbatar da ita. Ki ba abokan aikinki biyu ba tare da amsa ba, kowace ta amsa ita kaɗai, kuma duk tambayar da suka saɓa da ke ko da juna a ajiye ta gefe sai an zauna a kanta. Ku roƙi wata gogaggiyar ungozoma da ke aiki a asibitin da ɗalibanku ke zuwa koyon aiki ta duba muku, domin ita ce za ta gane tambayar da ke daidai a littafi amma ba haka ake yi a ɗakin haihuwa ba. Idan akwai makaranta irin taku a kusa, ku yi musayar dubawa da malamanta, da sharaɗin takardun ba sa kwana a wayar kowa.

Akwai gwaji mai sauƙi da nake so ku riƙa yi: a rufe zaɓuɓɓukan da hannu a karanta tambayar kawai. Idan malama ba za ta iya faɗin amsar ba sai ta ga zaɓuɓɓukan, tambayar ba ta fayyace abin da take nema ba. Ku kuma lura da alamomin da ke tona amsa ga ɗalibar da ba ta yi karatu ba. Amsar gaskiya takan fi sauran tsawo saboda marubuciyar ta yi ta kare ta da sharuɗɗa, zaɓin da ke ɗauke da "kullum" ko "har abada" kusan ko yaushe ƙarya ne kuma ɗalibai sun san haka, sannan zaɓin da babu mai hankalin da zai ɗauka ya mayar da tambaya mai zaɓi biyar ta koma mai huɗu.

Bayan an yi maki, ɗalibanku za su zame muku kwamiti na biyu. Ku jera takardun daga mafi maki zuwa mafi ƙaranci, ku ware kashi 27 cikin ɗari na sama da kashi 27 na ƙasa, wato a aji mai ɗalibai 60 kusan takarda 16 a kowane ɓangare. A kowace tambaya ku ƙirga nawa suka ci a sama, nawa suka ci a ƙasa. Idan 13 na sama suka ci, 5 na ƙasa suka ci, tambayar tana rarrabe mai sani da marar sani yadda ake so. Idan kuwa 4 ne kawai na sama suka ci alhali 9 na ƙasa sun ci, ku dakatar da fitar da sakamako ku koma kan tambayar, ku duba zaɓin da haziƙan suka yi wa rubdugu. Sau da yawa za ku tarar ko dai an yi kuskuren rubuta harafin amsa a jadawalin maki, ko kuma haziƙan sun karanta ƙa'idar jinya da ta fi wadda ke hannun malamar sabunta. A hali na farko a gyara harafin a sake lissafi, a na biyu kuma a cire tambayar daga makin kowa, a rubuta dalilin a ajiye tare da ita domin zaman kwamiti na gaba.